Buhun Shinkafa a Keken Auta

Mun tashi daga Argungu da asuba, ni da Baba, ana fitowa daga masallaci. A bayan motarsa akwai kaya biyu da duk wanda ya leƙa sai ya yi tambaya: tsohon keken guragu a naɗe, da ƙaramin buhun shinkafa da aka ɗaura wa jan ɗankwali.

Keken na ƙanwata ne, wadda muke kira Auta. Shekararta goma, kuma tun da aka haife ta ƙafafunta ba su taɓa ɗaukarta ba. Kanta kuwa ya fi nawa ja. An yi wa Baba sauyin wurin aiki zuwa Birnin Kebbi, shi ne muka fita neman gidan haya. A daminar bara Auta ta yi kusan zango guda ba ta je makaranta ba, don layinmu ya zama taɓo, keke ba ya shiga. Ba ta taɓa yin kuka a gabanmu ba, amma kullum da safe sai ta sa kayan makaranta ta zauna a zaure har rana ta yi. Ba ma son hakan ya bi mu sabon gari.

Shinkafar dabarata ce. Jikin Auta ba ya jure yini guda a mota, don haka na duba nauyinta a katin asibiti, na je wurin mai injin casa ya auna mini shinkafa daidai da shi. Niyyata duk gidan da aka nuna mana, in ɗora buhun a keke in tura daga ƙofar gida zuwa makaranta mafi kusa. Ita ce ta ɗaura masa ɗankwalin da hannunta, ta ce, "Ga ni nan, Yaya. Kada ka kayar da ni."

Hanya lafiya lau, ban da wasu ramuka da Baba ya san su kamar 'yan uwansa. Lokacin yankan shinkafa ne. Ta wajen Zauro fadama ta yi jawur, mutane sun riga rana fita da laujensu, ga jakuna da amalanke a gefen titi suna jiran kaya. Mun tsaya mun sayi ƙosai da koko. Ƙosan yanzu ya ƙanƙance har Baba ya ɗaga ɗaya ya tambayi mai tuya ko da tabarau ake cinsa. Ta ce ya je ya tambayi masu wake.

Dillalin da abokin aikin Baba ya haɗa mu da shi yana jiranmu a bakin gari, mutum mai fara'a da makullai cike da aljihu. Gida na farko da ya kai mu yana sabuwar unguwa a bayan gari, ta ɓangaren fadama. Gaskiya gidan ya yi kyau: ɗaki huɗu, fenti sabo, tsakar gida mai faɗi da Baba zai iya ɗaure tumakinsa. Kuɗinsa ma da sauƙi. Ina ganin fuskar Baba na san ya gama shawara.

"Alhaji, wanga gida ba a samun irinai," in ji dillali.

Ni dai na fita na warware keke, na ɗora buhu. Masu bibiyata a wannan shafi sun san ni da rubutu, ba su san cewa a aji ko hannu ba na iya ɗagawa ba. To ga ni a tsakiyar unguwar da ba a san ni ba, ina tura shinkafa mai ɗankwali. Ban yi taku ashirin ba ƙananan tayoyin gaba suka nutse a rairayi. Na ja baya na sake, suka sake nutsewa. Da na tsaya ina haki sai idona ya kai kan katangar maƙwabta, wadda ba a yi wa fenti ba. Akwai wani layi mai duhu da ya bi ta daga farko har ƙarshe, daidai gwiwata. Duk ɗan Argungu ya san wannan layin. Nan ruwa ya tsaya.

Na koma ciki na tarar suna maganar ranar biya. Ban taɓa katse Baba a gaban baƙo ba.

"Baba, keken bai wuce ba," na ce.

Dillali ya yi dariya. "Samari, ai rairayi na kawai. Ɗaukar yarinya za a yi a kai ta titi."

"Ba ɗauka take so ba," na ce, ina kallon ƙasa. "Kuma ruwa na shiga nan."

Baba ya miƙe. Ya fita, ya tura keken da kansa, ya je ya daɗe a gaban katangar. Da ya dawo sai ya ce wa dillali mu ga na gaba.

Na biyu yana bakin kwalta cikin gari. Hanya sumul, amma matakala uku ce a ƙofa, ƙofar banɗaki kuma da na gwada da awon tela da na zo da shi, ta fi keken ƙunci da faɗin yatsu huɗu. Na rubuta a littafina muka wuce. Bayan azahar muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi a wata rumfa. Kifin bai kai na gida ba, amma ban faɗa da ƙarfi ba. Mai abincin ta leƙa mota ta tambayi nawa muke sayar da buhun.

Gida na uku yana unguwar Badariya. Tsoho ne, ɗaki biyu da falo, ba wurin tumaki, littattafaina ma sai dai su zauna a kwali. Amma ƙofarsa daidai take da ƙasa, layin kuma jan burji ne mai tauri. Makarantar firamare tana ƙarshen layi na biyu. Na tura buhu har ƙofarta na dawo, ba inda ya tsaya. Har na fara murmushi ni kaɗai.

Wata dattijuwa ce ta tare ni a ƙofar gidan da ke kallon namu. Daga baya na ji 'yar Filato ce, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, sun fi shekara ashirin a unguwar ita da mijinta. Ta dubi buhun ta ce, "Sannu da zuwa, 'yammata." Sannan ta dube ni. Na yi mata bayani a gajarce.

"Kai ɗalibi ne, ko? To ɗana, in hutu ya ƙare ka koma, wa zai tura ta?"

Auta ba ta son a tura ta, da hannunta take murza tayoyi, kuma na fi kowa sani. Tun safe ƙarfin ƙafafuna nake gwadawa, ba hanyarta ba.

Keken na manya ne, shi ya sa ma aka sauya mata wani. Na sauke buhun, na rufe ido na ɗan lokaci, na zauna a ciki. Baba ya dube ni, ya sunkuya ya saɓa shinkafar a kafaɗa, ya biyo ni a baya.

Daga zaune, hanyar nan wata hanya ce daban. Ta ɗan karkata hagu, sai hannu ɗaya ya yi ta aiki fiye da ɗaya. Tsakuwar da ban lura da ita ba ɗazu ta girgiza ni har haƙora. Wani mai shago ya ce, "Allah shi ba ka lahiya," na amsa da amin don ban san abin cewa ba. A kwanar layi na biyu akwai siririyar kwata da na tsallakar da keke ɗazu ta hanyar ɗaga gabansa, ban ma sani na yi ba. Yanzu ta tsayar da ni cak. Na gwada sau uku. Da na miƙe tsaye, mai shagon ya saki baki.

Baba ya ajiye buhu, ya karɓi awon tela ya auna faɗin kwatar da kansa. Dattijuwar, wadda ta biyo mu a hankali, ta ce mai bulo na bayan layi yana zuba murfin kwata na siminti, kuma ita ma gwiwarta ta gaji da wannan kwatar. Na koma cikin keken daga ɗaya gefen na ƙarasa har ƙofar makaranta.

Dillali ya sake gwada sa'arsa, ya tuna wa Baba faɗin gidan farko. Baba ya ce, "Abin da ɗana ya auna shi za a bi." Baba ba mai yabo ba ne. Na yi kamar ina rubutu don kada a ga fuskata.

Mun iso Argungu ana kiran magariba. Auta tana zaure. Ba ta tambayi yawan ɗakuna ba. Ta karɓi littafina ta karanta shafi-shafi, sannan ta kama tafin hannuna ta ga bororon da ya tashi. Ta daɗe tana kallo.

"Ka zauna a ciki?"

"Na zauna."

"Minti nawa zuwa makaranta?"

"Goma sha takwas."

"Kai ba ka iya ba ne," ta ce. "Goma sha biyu zan yi."

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ga duk mai shirin tashi da yaro irin Auta: kada ɗakuna su ruɗe ka, ka fara da hanyar da zai bi kullum, ka duba katangar maƙwabta, ka saurari wanda ya daɗe a layin. In da hali, ka bi hanyar yadda shi zai bi ta. Na fita da tunanin awo da littafi sun isa, sai da na zauna na ga kwatar.

Inna ta ɗebi shinkafar ta zuba a tukunya washegari. Auta ta kwance ɗankwalinta ta wanke, ta ninke shi a kan kayan makaranta, ta ce shi za ta ɗaura ranar farko.