Makulli Mai Jan Zare

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk unguwarmu ta Park Hill a New York babu wanda ya kai ni sanin Ingila, wata ƙawata ta ce za ta Leeds. 'Yar Nijar ce, tana da shagon atamfa da turare kusa da Fordham Road. 'Yarta ce ta haihu a can, za ta je wankan jego. Da yake ta san na yi shekara biyu a garin ina aikin asibiti kafin in biyo maigidana New York, sai ta ce in zo in ba ta sirrin gari.

Na je shagon nata, na gyara zama a kan bandir ɗin atamfa, na fara cika baki. Na ce in ta shiga bas mai hawa biyu ta hau sama ta zauna a gaba, kuma in za ta sauka ta yi wa direba godiya, don haka mutanen can suke yi. Na ce kada ta wahalar da kanta da lema, iska ce za ta juye mata ita. Na kwatanta mata babbar kasuwar nan mai rufi ta tsakiyar gari, da wani mahauci ɗan Pakistan da ke ajiye ƙafar saniya mai kyau, da shagon da za ta samu gero da kanwa na kunun mai jego. Na kuma gargaɗe ta, kafin ta sayi soyayyen kifi da dankali ta tambayi da wane mai aka soya. Tana ta rubutawa a bayan kwali, ni kuwa ina ta hura hanci.

Sai da na miƙe zan tafi na fito da abin da ya kawo ni a gaskiya. Makulli ne ƙarami, ɗaure da jan zaren ulu.

Na wata tsohuwa ce Baturiya, maƙwabciyata a Leeds, bango ɗaya ya raba ɗakina da nata. Ina da wata guda da tarewa ta ƙwanƙwasa min ƙofa, ta saka min makullin a hannu. Ta ce ita tsohuwa ce, ƙafafunta ba su da ƙwari, in riƙa leƙo ta kowace safiya kafin in tafi aiki, kada wata rana ta faɗi a rasa mai buɗe ƙofa. Na karɓa da hannu biyu, na ɗauki abin amana. Kullum ƙarfe bakwai ina gidanta, in tarar ta riga ta ɗora butar shayi. Mu sha, ta yi ta ba ni labarin masaƙar da ta yi aiki tana budurwa, rabin Turancin nata ma ba ganewa nake ba.

Da takarduna na Amurka suka fito sai na kasa gaya mata. Yau in ce gobe, gobe in ce jibi. Ranar da zan tashi na shiga, muka sha shayi kamar kullum, na ce mata sai gobe. A filin jirgi, ina zazzage jaka wurin bincike, makullin ya faɗo. Shekara goma sha ɗaya ina yawo da shi. Duk lokacin da aka kawo tsohuwar da ta faɗi a gida asibitin da nake aiki, sai in ga kamar ita ce kwance a bayan ƙofa tana jiran bakwai ta yi.

Na roƙi ƙawata ta kai mata, ta nema min gafara. Ta juya makullin, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da ɗan Faransancinta, "Bon. Ke 'yar Kano, ashe ɓarauniya muke zama da ita. Ba ni adireshi."

A nan aka fara samun matsala. Sunan farko na layin na tuna, na biyun ya ɓace min. Na ce ba komai, ta shiga bas lamba kaza, ta sauka a gaban mahaucin, ta shiga layi na biyu, koriyar ƙofa.

Sati biyu da tafiyarta ta kira ni ta bidiyo. Ina cikin jirgin ruwa zan ƙetara aiki da safe, su kuma can rana ta yi. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta fara sauke min. Lambar bas ɗin ta canza. Mahaucina ya zama shagon gyaran waya. Mai gero da kanwa, babu wanda ya taɓa jin labarinsa. Abu ɗaya ne na faɗa daidai, iska ta karya mata lema.

Sannan ta juya wayar ta nuna min unguwar. Layuka ne jere na jan bulo, kowane kamar an kwafo shi daga ɗan'uwansa, kuma ashe har guda shida ne suke da sunan farkon nan da na ba ta. Koriyar ƙofa kuwa babu ko ɗaya, duk an sauya su da farare. Ta shiga layi na farko na ce nan ne. Ta shiga na biyu na ce a'a, wannan ne, ga ma igiyar shanya. Ta shiga na uku, shi ma da igiyar shanyarsa. Kaina ya ɗaure. Garin da na yi shekaru ina ba da labarinsa a gidajen suna ga shi a tafin hannuna, amma ko kusurwa ɗaya ban shaida ba. Har na fara tambayar kaina ko a nan na zauna kuwa.

Ƙawata ta gaji, ta ce ita fa za ta bi ƙofa ƙofa tana gwada makullin. Na roƙe ta don Allah kada ta sa a kama ta a ƙasar mutane daga zuwa wankan jego. Sai ta shiga wani ƙaramin kanti a bakin layi ta nuna wa dattijon da ke ciki makullin. Bai ma saurari bayaninta ba, yana ganin jan zaren ya yi murmushi, ya fito ya nuna mata gida a layi na biyar, wanda ni na riga na rantse ba shi ba ne.

Wata mace mai furfura ce ta buɗe. Ƙawata ta yi bayani da Turancinta na kasuwa, ta miƙa mata wayar. Matar ta ce ita 'yar tsohuwar ce, mahaifiyarta ta rasu shekara uku da suka wuce. Na riƙe ƙarfen jirgi gam. Na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina.

"Ta taɓa faɗuwa a gida, aka rasa mai buɗewa?"

Ta ce ko sau ɗaya. A kan gadonta ta cika, tana riƙe da hannunta. Ta ce ita ai layi biyu ne tsakaninta da mahaifiyarta, kullum da rana tana zuwa, kuma tana da nata makullin. Ni dai ban taɓa haɗuwa da ita ba ne don da sassafe nake zuwa.

Na ce to ni me ya sa aka ba ni?

Ta ce, "Ke ce mai aikin asibitin nan ko? Bangon nan ba shi da kauri. Mama ta ce kullum tana jin kukanki. Ta ce in ta gayyace ki shan shayi kunya za ki ji ki ƙi zuwa, amma in ta ba ki aiki za ki zo."

Ashe duk baƙon da ya kama ɗakin nan shi kaɗai, sai tsohuwar ta yanka masa makulli ta ɗaura jan zare. Na tambaya ko ta yi fushi da na tafi ba sallama. Ta ce ba ta taɓa jin ta faɗa ba. Abin da ta sani kawai, tsohuwar ta yi kusan sati tana fito da kofi biyu.

Jirgi ya tsaya, kowa ya fita, ni ina tsaye da waya a hannu sai da ma'aikaci ya zo ya yi min magana.

Matar ba ta karɓi makullin ba. Ta ce an daɗe da canza ƙofar, kuma mahaifiyarta ba ta taɓa neman a mayar mata da ko ɗaya ba. Bayan arba'in ƙawata ta dawo, ta ajiye min shi a kan teburin shagonta. Ranar ce kaɗai na je wurinta ba ta zolaye ni ba.

Har yau ban gama warware abin a raina ba. Na yi shekara biyu ina ganin ni nake kula da tsohuwa, na yi sha ɗaya ina tsoron na bar ta ta mutu a bayan ƙofa, sai ga shi duk biyun ba haka ba ne. Ya kamata in ji sauƙi, kuma na ji, amma kofin nan na biyu ya fi tsohon tsoron ciwo, kuma wadda zan ba haƙuri ba ta nan.

Makullin yana cikin jakata, zaren ya koɗe. Yanzu in wani ya ce zai je Leeds in ba shi shawara, sai in ce ya tambayi wani. Ni ƙofa ɗaya na sani a garin, ita ma da aka nuna min ban gane ta ba.