Daeng Kebo, Wa Zai Saurari Yaranmu Yanzu?

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin Laraba, 12 ga Fabrairu, ina cikin aji aka leƙo ta taga aka ce mini Allah Ya yi wa shugabar makarantarmu, Hasnawati Daeng Kebo, rasuwa a wani asibiti a birnin Makassar. Ba zan ɓoye miki ba, Daeng, kamar yadda muke kiran manyanmu, tsoro ne ya riga hawaye zuwa mini.

Shekara biyu ke nan da aka kawo wa tsibirinmu manhajar koyar da karatu. Yaro ya karanta labari a waya, ta saurare shi, ta yi masa tambayoyi, sannan ta shafa wa sunansa kore ko ja. Ni na miƙa mata wuya, abin da ta yanke shi nake rubutawa. Ke kika ƙi.

Da manhajar ta ba wata ɗalibarmu, Tenri, ja sau huɗu a jere, mahaifinta Daeng Nai ya zo ya ce miki, "Malama, in kanta ba ya ɗauka, a ba ni abata ta taya uwarta shanyar kifi." Kika zaunar da yarinyar ta karanta miki, sai kika kwashe da dariya. "Haba Daeng Nai, ai 'yar nan ta fi ka kai! Na'urar ce ba ta jin bakinmu. Mu 'ikang' muke ce wa kifi, ita 'ikan' kawai ta sani." Tenri tana aji biyar yanzu.

Tun daga ranar kike sauraron karatun yara arba'in da ɗaya da kunnenki, kina gyara hukuncin manhajar da biro. Sau uku kina shiga jirgin ruwa zuwa ofishin ilimi da kumburarriyar ƙafa, har suka yarda za su saurare ki kan kurakuran manhajar ranar Litinin mai zuwa.

Yanzu ni za a tura, ni da muryata ke rawa ko a taron iyaye. Jiya sunaye tara suka yi ja. Na saurari na farko sau biyar, na kasa tantance ko yaron ne bai gane labarin ba, ko na'urar ce ba ta gane shi ba. Ga lokacin kamun kifi ya kama, kowane gida na neman ƙarin hannu, kuma kin san wanda aka cire daga aji ba ya dawowa. Ina tsoron in yi kuskure ɗaya, in rufe wa ɗan wani ƙofa har abada.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Daeng Tutu da 'ya'yanki, Ilham da Sukma. Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi. Mu kuma da kika bar wa amanar yaran nan, Allah kada Ya sa mu zalunci ko ɗaya daga cikinsu. Amin.