Ɗanasabe da Mangwaron Nana

A Tsibiri, in ka ce Ɗanasabe sai an tambaye ka wanne, amma in ka ce mai saran icce, kowa zai nuna maka gidan da ke da tulin guma-gumai a ƙofa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai yawan dariya. Da damina yana noman gero kamar kowa. Sauran shekara kuwa, da sassafe zai ɗaure injin yankan icce da igiyoyi a bayan babur ya nufi Maraɗi. Da gatari ya fara, yana sare wa masu dabbobi rassan gawo, daga baya ya zauna da ma'aikatan gandun daji, a can ya koyi ɗaura ɗamara da sa hular kwano kafin ya hau. Abokansa suka riƙa yi masa tsiya, wai ya zama soja. Shi dai dariya yake yi, ya ce kai ɗaya Allah ya ba shi.

Abokin aikinsa Ya'u ne, tsohon ɗan kokawa. Ya'u ko tsani ba ya hawa, amma in ya riƙe igiya, Ɗanasabe ba ya waiwaye.

Wata bazara, iskar ruwan farko ta yi ɓarna a kwarin Gulbi. Washegari aka kira su Jiratawa, lambun wata dattijuwa mai suna Nana. Wani tsohon mangwaro ne, wanda marigayi mijinta ya dasa, ya tsage daga inda ya rabu biyu har kusa da gindi. Ɓangare ɗaya yana tsaye, ɗayan ya sunkuya bisa injin ban-ruwa da zogalen maƙwabci, ga ƴaƴa jingim a kansa. In iska ta kaɗa, sai tsagar ta buɗe ta rufe, tana ƙara. Ƴaƴan Nana sun so su sa gatari tun da safe su huta, ta hana su.

"Ɗana," in ji ta, "iccen ga zai rayu?"

"Bari in gaishe shi tukuna, Inna."

Ya zagaya shi a hankali, yana duban sama, yana duban saiwa. Sannan ya kori kowa zuwa bayan magudanar ruwa, har da Nana, wadda ta tafi tana mita. Ya gaya wa Ya'u cewa icce irin wannan kamar baka ne da aka ɗana. Wanda ya taɓa gindinsa da inji, tsagar za ta ƙarasa sama, gungumen ya yi harbi kamar jaki. Sai suka naɗe shi da sarƙar babbar mota, suka ɗaure tamau.

Bai hau mangwaron ba. Iccen dogon-yaro da ke gefe shi ya hau, ya ɗaure ɗamararsa a can, daga nan ya miƙa zuwa ɓangaren da ya sunkuya. Ya fara daga ƙananan rassa na can ƙarshe. Kowane sai ya ɗaure shi da igiya kafin ya yanke, Ya'u ya sauke shi a hankali, ya ja shi nesa. Matan lambunan kusa suka taru da kwanduna suna tsinke ƴaƴan, Nana tana ba da umarni daga inda aka zaunar da ita.

Da ya yanke wani babban reshe, nauyi ya bar iccen, sai gungumen ya zabura sama da wata irin ƙara, ganye ya zubo kamar ruwa. Ɗanasabe ya kashe inji, ya tsaya cik yana kallon sarƙa. Ta shige cikin ɓawo, amma ta riƙe. Bai yi gaggawa ba, ya sauko, suka yi azahar, suka sha furar da Nana ta aiko, suka ƙara matse sarƙar, sannan ya koma.

Kafin la'asar ɓangaren da ya tsage ya sauka guntu-guntu, ko ganyen zogale ɗaya bai karye ba. Ya gyara bakin yankan a karkace don kada ruwa ya kwanta, ya rage wa ɓangaren da ya saura nauyi, sannan ya yafito Nana.

"Inna, ga iccenki. Ya rame, amma yana da sauran kwana."

Ta dafa gindin da tafin hannu. Can sai ta rangaɗa guɗa, muryar tsufa tana rawa, matan suka amsa mata, har masu ban-ruwa na nesa suka ɗago kai. Ta yi ta sa masa albarka, shi kuma yana durƙushe yana cewa amin, dariya ta ƙi barin bakinsa.

Nunannun mangwaron aka raba wa maƙwabta, ɗanyun aka yayyanka da yaji da gishiri, aka zauna cikin sauran inuwar ana ci ana hira. Ya'u ya fi kowa ci. Da suka isa Tsibiri, Rahma matar Ɗanasabe ta kawo musu tuwo da nama, amma tsami ya riga ya kashe wa Ya'u haƙora. Haka ya zauna yana lasar miya, yana kallon Ɗanasabe na cinye masa rabonsa, shi kuma Ɗanasabe yana tuna masa cewa gobe da wuri akwai aiki a unguwar Zariya ta Maraɗi.