Dorad Uku da Aka Dawo Mana da Su

Maigidana ya yi shekaru yana aikin kifi a bakin teku, can Senegal, kafin ya dawo Yamai mu kafa teburin sayar da kifi a unguwar Zongo. Shi ya koya mini sanin dorad, kifin tekun da ke zuwa mana a daskare cikin kwali. Faɗin jikinsa kamar na karfasa, amma ja-ja ne, da ɗigo-ɗigon shuɗi a gadon baya. A ƙasan teku yake kiwo, wajen duwatsu da rairayi, yana farfasa ƙaguwa da dodon koɗi, shi ya sa turamen haƙoransa suke kamar na mutum.

Mutanenmu kuwa kifin kogi suka sani. Da sun ga ja a jikin kifi, a wurinsu ya lalace. Kuma mai tebur, in aka ce yana sayar da ruɓaɓɓe, tasa ta ƙare a unguwa.

Wata Jumma'a wani direba ya sayi dorad uku a hannuna. Bayan an sauko daga masallaci sai ga shi, ya watsa mana su a tebur, wai matarsa ta ce ruɓaɓɓiyar karfasa ce. Maigida ya ɗauki ɗaya, ya buɗe bakin kifin a hankali.

"Malam, dubi haƙoran nan. Karfasa ba ta da irinsu."

Ko kallo mutumin bai yi ba. Ya juyo kaina ya kira ni macuciya, maƙwabta suna ji.

Ni zuciya gare ni, ban iya haɗiye magana ba. Na kamo kifi ɗaya ta wutsiya, rabinsa ƙanƙara ne, na zabga masa a fuska. Ƙayoyin bayan kifin suka tsarge masa kumatu, jini ya wanke farar rigarsa, kuma wallahi daɗi na ji. Ya shaƙe ni, na gantsara masa cizo, tebur ya kife. Sai ya rarumo wuƙar da muke gyaran kifi da ita. Maigida ya faɗo tsakaninmu ya cafke ta ta kaifin, direban kuma ya fizge.

A gidan likita an ɗinke hannun maigida, amma jijiya ta riga ta tsinke. Yatsunsa uku na dama ba su sake lanƙwasuwa ba.

Har yau bai taɓa cewa ni na ja masa ba. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Kullum da safe ni ke sa masa maɓallin riga, in na gama ya ce mini sannu.