Ƙaho Ɗaya na Athol Griggs

Mijin yayata, Athol Griggs, mutum ne da za ka wuni da shi bai ce maka uffan ba, sai fa in tsautsayi ya sa ka tambaye shi zancen lasifika. To ranar ka ɗebo ruwan dafa kanka. Shayinka zai huce, ƙafarka ta yi tsami, shi kuwa ko shimfiɗa bai gama ba.

A nan garin Franklin aka haife shi, bakin kogin Huon, kuma jiragen ruwa na katako ya tashi yana ƙerawa. Hannunsa ya san yadda ake turara katako har ya yi laushi, a lanƙwasa shi ya bi inda ake so bai tsage ba. Da mutane suka koma sayen jiragen roba aiki ya ja baya, sai ya tattara gwanintar kacokan ya mayar kan abin da tun yana saurayi ya shiga ransa, wato lasifika mai ƙaho. Maƙogwaro ɗan mitsitsi a baya, ya yi ta buɗewa a hankali har bakin ya isa yaro ya shige ya zauna. Biyu-biyu yake yin su, ɗaya hagu ɗaya dama, da kujera guda a tsakiya. In ka zauna daidai a kujerar aka ɗora faifai, sai ka ji mai waƙar a tsaye a gabanka, tsakanin ƙahonin nan, inda babu komai sai bango. Wannan shi ne abin da Athol ya ƙarar da rayuwarsa yana nema. Kuma abu ne da sai mai kunne biyu yake ji.

Yayata Merle kuwa kunne ɗaya gare ta.

Hangum ne ya kama ta muna ƙanana, ya tafi da na hagun. Yara a makaranta suka sa ta gaba da tsokana, kurma kaza kurma kaza, sai ta koyi ɓoyewa. Ta iya ɗan karkatar da kai kamar mai nazari, alhali kunnen dama take miƙa maka. Lokacin da Athol yake nemanta, ya kai ta rumfar ajiye tuffa ta babansa, ya zaunar da ita kan akwati tsakanin ƙahoninsa na farko, ya ɗora faifan wata mata mai waƙa da fiyano. Ya ce, "Tana ina?" Merle ta saci kallon inda idonsa yake, ta nuna tsakiya ta ce, "Ga ta nan." Bawan Allah har da ƙwalla. Ya ce ya kawo babansa, ya kawo abokansa, duk dariya suka yi masa, sai ita kaɗai ta ji.

Ta dawo gida ta same ni a ɗakinmu. Na ce, "Yaya, ki faɗa masa tun dare bai yi miki ba."

Ta ce, "Bayan biki."

Bayan biki ya zama bayan haihuwa, bayan haihuwa ya zama bari yara su girma. Har furfura ta rufe su. In ka ce yaya aka yi miji bai gane ba, to ba ka san Athol ba, ba ka kuma san Merle ba. A hanya tana hagunsa, a gado tana hagunsa, a mota ma Allah ya rufa mata asiri, direba a damanta yake. Shi kuma ba mai raɗa ba ne, balle a ce ya yi mata ba ta ji ba. Duk sabbin ƙahonin da ya gama, kafin kowa ya saurara sai Merle ta zauna. "Tana ina?" "Ga ta nan." "Yaya kika ji?" "Ya yi kyau." Ba ta taɓa ƙara kalma a kai ba, don gani take ba ta da hurumi. Ta sha faɗa mini cewa ranar da ya sani, ranar za ta rasa abu ɗaya da yake ganin nasu ne su biyu. Ni haushi abin yake ba ni, tausayinta kuma ya fi haushin yawa.

Duk Asabar da hantsi abokansa biyu sukan zo. Akwai Graeme, tsohon malamin lissafi, dogo, mai yawo da takardu cike da zane-zane. Akwai Piet, mai gidan burodi a Kingston, wanda iyayensa suka zo da shi daga Holand yana goye. Ni ina zuwa ne taya Yaya yanka kek, da kuma yi musu tsiya, don ƙanwar mata ba a hana ta.

Graeme zai ce, "Bakin ƙaho dole ya zama zagayayye. Sauti ba ya son kusurwa, lissafi ne ya faɗa."

Piet ya ce, "Lissafin naka ya taɓa sauraron goge? Naka da ka zuba da siminti, matarka ba shuka furanni ta yi a ciki ba?"

"Ai siminti ba ya rawa. Katako kuwa yana sa baki a waƙar."

Sai Athol ya shafa gefen ƙahonsa ya ce, "Bakin da yake sawa mai daɗi ne."

Ni kuma in ce, "Ku dai tsofaffin nan, ga ku da kunnuwa duk gashi, rediyon kicin ɗina ya fi muku kwanciyar hankali."

Athol ya ce, "Noeline, ke ai ƙaho ce da kanki. Ba kya buƙatar wuta."

Abin da suka fi tsoro shi ne abin da suke kira mura. In ƙaho bai lanƙwasu daidai ba, muryar mai waƙa takan fito ta hanci, kamar wadda ta toshe. Ka ce wa ɗayansu ƙahonsa yana da mura, gara ka zagi ubansa.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Wata Asabar cikin Yuli, lokacin da sanyi yake tsananta a nan ƙasarmu, Athol ya gama wasu sababbin ƙahoni da ya daɗe yana fama da su, katakon itacen Huon zalla, ɗakin sai ƙamshi. Kafin mu shigo da shayi, Graeme ya matsa sai an buɗe masa bayan na hagu ya ga maƙogwaron. Athol ya zare wayar da ke kai wa ƙahon sauti ya nuna masa, musu ya ɗauke su, aka manta ba a mayar ba. Muka shigo, ya karɓi faranti daga hannun Yaya, ya zaunar da ita. Faifan nan nasu na rumfar tuffa ya ɗora. Ta lumshe ido.

Murya ta fito daga kusurwar dama kaɗai. Ko ni da ban san komai ba sai da na waiga can. Na ga Athol ya yunƙura zai ɗage allurar da ke kan faifan. Kafin hannunsa ya kai, Merle ta yi murmushi, idonta a rufe, ta miƙa yatsa tsakiya.

"Ga ta nan. Ya yi kyau, Athol."

Matar faifan tana ta waƙarta a gefe guda. Piet ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Yaya ta buɗe ido ta ga fuskokinmu, ta ga wayar a ƙasa, ta gane. Athol ya ɗage allurar a hankali, ya zagaya ta hagunta ya durƙusa, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa daf da kunnenta. Ba ta motsa ba.

Ya dawo ta gabanta ya ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun kafin in san ka."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki hularsa, ya fita zuwa shagonsa na bayan gida. Kek ɗin ranar kare ne ya ci.

Aka daina Asabar. Athol yakan ci abinci, ya ce an gode, ya koma shago ya rufo ƙofa. Bai yi faɗa ba, kuma Yaya ta ce da ma faɗan ya yi. Ya sa aka kwashe ƙahonin falo, ɗakin ya zama fayau, sai shatin inda suka zauna a kan darduma. Merle ta rame. Takan ce mini, "Na ci amanarsa, Noeline. Duk shekarun nan yana magana, ashe shi kaɗai yake yi." Na ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ni kaina na tsorata.

Da abin ya ishe ni, na tafi shagon na buga ƙofa. Shiru. Na tura na shiga, ga shi ya ba ni baya yana goga katako da magagari. Na tsaya ta hagunsa na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce ƙarya dai ta yi, amma don wa ta yi? Na ce yarinya ce aka kira kurma, ta samu mutum ɗaya a duniya da ya ce ta fi kowa ji, ina laifinta in ta riƙe? Na ce in katako ya fi masa yayata ya faɗa, gidana da ɗaki. Ko gezau. Raina ya ƙara ɓaci, na fizgi kafaɗarsa. Ya juyo a firgice, ya sa yatsa ya zaro wani curin auduga da kakin zuma daga kunnensa na hagu.

Ya ce, "Me kika ce?"

Na saki kafaɗarsa.

Ya dubi audugar a tafin hannunsa ya ce, "Tun ranar nake sa ta. Noeline, kin san in kare ya yi haushi ba na sanin ta ina yake? Jiya mota ta kusa kwashe ni a gaban gidan waya. In mutum biyu suna magana, sai duk su dagule. A haka ta reni yara uku, tana kuma zama a kujerar nan don in ji daɗi." Ya share hanci da bayan hannu. "Ba fushi nake da ita ba. Kunyarta nake ji. Kunne ne sana'ata, ban san na matata ba."

Na ce, "To ka je ka faɗa mata mana, shashasha. Tana can tana ƙarewa."

Ya ce, "Baki bai iya ba. Bari in gama wannan." Sai a lokacin na lura da abin da ke bayansa, ƙaho ɗaya tal, ya fi duk waɗanda ya taɓa yi faɗi.

Ban jira shi ba, na je na kwashe zancen audugar na faɗa wa Yaya. Ta yi kuka sosai, sannan ta tashi ta ɗora masa miyar da yake so.

Tuffa ta fara fure lokacin da ya kira mu. Ya kafa ƙahon a kusurwar falo, ya fitar da kujerar tsakiya, ya jawo doguwar kujera mai cin mutum biyu. Graeme ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo kamar an yi masa rasuwa.

"Guda ɗaya, Athol? Ai an bar wannan tun zamanin kakanninmu. Ina faɗi, ina zurfi?"

Athol ya zura hannu a aljihu. Ya miƙa masa auduga, ya miƙa wa Piet, ya miƙa mini. "Kunnen hagu," in ji shi. Piet ya cusa tasa yana cewa da ma wannan kunnen ne matarsa take yi wa faɗa. Daga ƙarshe Graeme ma ya sa.

Athol ya toshe nasa, ya ɗora faifan, ya zo ya zauna a damar Merle. Tunda nake zuwa gidan ban taɓa ganin sun saurari waƙa a zaune tare ba. Muryar ta cika ɗakin. Babu tsakiya, babu gefe, kowa abu ɗaya yake ji. Yaya ba ta rufe ido ba wannan karon, ba ta kuma karkatar da kai ba. Da waƙar ta ƙare ya juyo, bai ce tana ina ba.

Ya ce, "Yaya kika ji?"

Na ga bakinta ya ɗauko "ya yi kyau", ta haɗiye. Sannan ta ce, "Fiyanon ya fito. Amma matar tana da mura, Athol. In ta ja sama, ta hanci take fita."

Graeme ya ja numfashi. Piet ya dafe kai.

Athol ya kafe ta da ido. Ya tashi ya mai da allurar daidai wurin, ya tsaya ya saurara. Ya ce, "Wallahi tana da ita." Ya fara dariya, hawaye yana bin gemunsa. "Na rumfar tuffa fa?"

Ta ce, "Wannan ai ba mura ba ce, har da tari."

"Na shekarar da aka haifi ɗanmu Colin?"

"Su ne suka fi. Na ji haushi da ka sayar."

Ya tsaya yana dubanta kamar yau ya fara ganinta. Sai ya miƙa mata hannu ya ce, "Taso ki nuna mini inda zan rage."

Ta ɗauki rigar sanyinta. Muna kallonsu ta taga suna tsallaka ciyawa zuwa shago, ita a hagu shi a dama, tana ta yi masa bayani da hannu, shi kuma ya sunkuyo, ya karkato kai yana miƙa mata kunnen dama da bai toshe ba.