Ranar da Fa'izu Ya Zo Na Ɗaya a Noma

Babanmu Dikko manomin albasa ne a Bakura, tun kafin a haife ni ƙafarsa ke cikin laka. Burinsa ɗaya ne a duniya: ko ɗa guda cikinmu ya ci abinci da biro, ba da fartanya ba.

Da ni aka fara gwaji. Ina shiga ƙaramar sakandare aka ce an sabunta manhaja, kwamfuta ta shigo. Malam ya zana muna ita bisa allo, zane mai kyau kuwa, har da wayarta. A aji biyu na tsere, yau kabu-kabu nake yi tsakanin Bakura da Mafara. Baba ya ce taurin kaina ne. Da ƙanwata Lailatu ta shiga, an cure darussa da yawa cikin littafi guda mai kauri. Ta gama, amma tambaye ta abin da ta koya, sai ta ce, "Duka." Baba ya ce ƙila malamai ne.

Saura auta, Fa'izu. Shi ko ban ruwa Baba bai bari ya je, kada laka ta saba da shi. Sai ga shi wata rana ya dawo daga makaranta yana neman fartanya.

"Ta mi?" in ji Baba.

"Sabon darasi ne, Baba. Noman lambu."

Washegari na goya Baba har ofishin shugaban makaranta. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiya, Baba ya ce, "Malam, na kawo maku yaro ku raba shi da gona, ku kuma kun buɗe gona bayan aji?"

"Daga sama anka turo, Baba. Kowane yaro sai ya ɗau sana'a. Akwai haɗa wutar sola, akwai ɗinki, amma na noma kaɗai muke da malaminai."

Baba ya nuna ni. "To karatun da anka yi ma wanga ɗan banza, ina yat tahi?"

"An canza shi."

"Bai da kyau ne?"

"Yana da kyau. Wanga ma yana da kyau."

Baba ya miƙe, na goya shi muka koma gida.

Ƙarshen zango aka kira Fa'izu gaban taro: shi ne na ɗaya a noma. Sauran darussan, to, ya halarta. Gidanmu ba a taɓa zuwa na ɗaya ba, ko a layin abinci. Baba ya ce in kamo zakara. Na kamo, ya ɗauko wuƙa, ya yi tsaye.

"Kai da ka leƙa boko, faɗa mani. In yaro ya zo na ɗaya a noma, ci ya yi ko faɗuwa?"

"Baba, a yanka tukuna, sai mu yi shawarar bisa romo."

Ya dubi Fa'izu, wanda ya tsugunna yana zaɓar irin albasa yana murmushi. Ya dubi wuƙar.

"Ɗaure shi," in ji Baba. "Mu ga zango mai zuwa."

Zakaran na nan turke, sai ƙiba yake yi.