Zanen da Aka Maido Mini

Abin ya faru shekara biyu bayan cutar da ta sa aka hana gaisawa da hannu, a daminar da ruwa ya kayar da katangar gidanmu ta gabas, ban daɗe da fita takaba ba. A lokacin duk wanda ya shigo unguwar Birni a nan Damagaram ya tambayi gidan tsohuwar ungozoma, ba ya tambaya sau biyu. Ban taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba, wannan ma maƙwabciyata ke rubutawa ina faɗa mata, amma rabin unguwarmu ni na yanke musu cibiya, kuma abin da na gani a ɗakin haihuwa ko maigidana bai taɓa ji a bakina ba. Da wannan nake taƙama. Shi ya sa aka ba ni shugabancin ƙungiyarmu mai kai mata masu yoyon fitsari asibiti a yi musu aiki. Daga Dogo, Dakusa da Takieta suke zuwa a ɓoye. Wadda ta warke sai mu ɗaura mata sabon zane, ta koma gida kamar ba a yi ba.

Sai aka ba mu babbar ordinatar, na'urar da wasu ke ce wa kwamfuta, mai riƙe bayanan kowa, wadda ko likita daga nesa yana iya dubawa. Muka ɗauki wata madam da ta karanci aikin. Ta ce na'ura ba ta aiki sai an zuba mata lojisiyal, shi ne kamar hankalinta. Ana haka wani ɗan kasuwa daga Kano, wanda ubansa ya yi shekaru yana sauka a zaurenmu, ya zo gaishe ni, ya durƙusa har ƙasa, ya ce Inna ai yana da shi a ɗan kile ɗin da ke aljihunsa, ɗan abin nan da ake soka wa na'ura a zuba mata bayani, kyauta. Madam ta duba ta ce hatimin da masu ƙera shi kan sa bai yi daidai da na wannan ba, wani ya taɓa shi a hanya, a ba ta mako guda ta samo na asali. Ni kuwa na riga na gayyaci manyan gari bukin buɗe na'urar ranar Alhamis, an sayo goro. Kuma a gaban mata ta faɗa, ba ta ko ja ni gefe ba. Raina ya ɓaci. Na ce wannan na san ubansa, na san kakansa, ita ubanta wane ne a Damagaram? Ta ɗauki jakarta ta fita. Bakanon ya zuba nasa a na'urar, aka yi buki, aka yi guɗa.

Matan da farko sun ƙi ba da suna. Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya, na dafa ƙirji na ce cikin na'urar nan da cikina duk ɗaya ne. Suka ba da suna, da ƙauye, da irin ciwon, da lambar waya. Yawancinsu ba su da salula, sai suka ba da ta miji ko ta yaya.

Kafin a gama sussukar gero aka fara kira. Masu tallan maganin ƙarya ne, muryoyin da ba wanda ya sani. Su kira namiji yana tsakiyar mutane, su ambaci sunan matarsa, su ambaci ciwon, su ce suna da maganin da ba zai sake dawowa ba. Akwai wata 'yar Dogo mai sai da fura, ta warke shekara uku, ta yi sabon aure, mijin bai san an taɓa yi mata aiki ba. A majalisa ya ɗauki wayar, kuma ya buɗe muryar da ƙarfi, kowa na ji. Washegari ba wanda ya sayi furarta. Mace tsaf, ta fi masu ƙyamarta tsabta.

Na cire girman kai na je gidan madam da ƙafata. Ta zo ta yini kan na'urar. Ta nuna mini rubutu kamar tururuwa, ta ce cikin dubban layukan da aka gina lojisiyal ɗin da su, wani ya cusa 'yan layuka nasa. Wanda ya san kalma ɗaya yana shiga ba makulli, ya kwashe, ya fita. Kamar magini ya gina maka ɗaki, ya bar wa kansa ƙofa a bayan gado. Bakanon ya yi ta rantsuwa cewa a intanet ya ɗauko, a wani wuri mai kama da na masu shi. Na yarda bai sani ba, kuma abin da ya fi ƙona ni ke nan: bai sani ba ya ce ya sani. Ɓarawon kuwa ba shi da fuska, ba gari, ba uban da zan je in kai ƙara. Matsoraci, Allah ya isa tsakanina da shi.

Ran kasuwa 'yar Dogo ta zo. Ta gaishe ni yadda ake gaida uwa, ta zaro zanen da na ɗaura mata da hannuna, wankakke, a ninke, ta ajiye gabana. Ta ce Inna, riƙe kayanki. Ban iya ɗaga ido ba.

Ku da ake ba amana, ku ji daga bakin wadda ta sha. Sanin uban mutum bai gaya maka abin da ke aljihunsa. In mai ilimin abu ya ce a dakata a duba, ku dakata, ko goro zai bushe. Kada ku rantse kan abin da ba ku iya leƙa cikinsa.

Cikin waɗanda muka kafa ƙungiyar saura ni da wata makauniya a Zango. Bakanon yana nan, ya daina biyowa ta ƙofata. Madam ita ke riƙe da na'urar yanzu. 'Yar Dogo ma tana raye, auren ya mutu, tana gidan yayanta. Zanen yana cikin akwatina, na ce kada a haɗa shi da kayan gado.